Ku Tambayi Masu Safiyo: An Tumɓuke Simintin Iyaka, Aiki Kuma Ya Tsaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da fuloti mai ƙafa 50 da 100 a wata shimfiɗar fulotan gwamnati ta hanyar Gwarzo a Kano, da takarduna. Wani kamfani ya fara fitar da titi da magudanar ruwa, aikin ya tsaya shekara da shekaru. Gireda ta kwashe simintin iyaka biyu na gaba, na uku kuma na same shi a karkace, kamar ba inda na san shi ba. Maƙwabcina ya fara haƙa fandisho. In sake dasa simintin da kaina ne, ko sai an sake awo? Daga wani mai karatu a Rijiyar Zaki.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka dasa komai da hannunka, kada kuma ka bar birkila ya ja maka igiya daga simintin da ya karkace. Cire alamar safiyo ko gusar da ita da gangan laifi ne a doka, kuma wadda ka dasa da kanka ba ta da ƙima a gaban hukuma.

Iyakarka tana nan a rubuce. Kowace kusurwa tana da lamba a taswirar filinka, da alƙaluman da ke nuna matsayinta, da tsayi da fuskar layin da ya haɗa ta da ta kusa. Simintin shaida ce kawai a ƙasa. Don haka fara da lambar fayil ɗinka, ka je KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta jihar Kano, da ofishin Babban Safiyo na jiha a fitar maka da bayanan awon asali. Ka kuma tambaya a KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ko an yi wa tsarin shimfiɗar gyara lokacin aikin titin. Amsar wannan tambaya ita ce za ta raba maka hanya biyu.

Idan tsarin bai canza ba, aikin mayar da alama ne kurum. Ka ɗauki safiyo mai rajista da SURCON, hukumar rajistar masu safiyo ta ƙasa, ka ga hatiminsa tukuna. Ba daga siminti ɗaya zai fara ba: zai nemo aƙalla uku a kewayen da ba a taɓa su ba, ya auna tsakaninsu, ya ga sun yi daidai da takarda, sannan ya ɗora awonsa a kansu ya fitar da kusurwoyin da suka ɓata. Sau da yawa in aka tona inda na'ura ta nuna, sai a tarar da gindin tsohon simintin da guntun rodi a ƙarƙashin jar ƙasar da gireda ta turo. Wannan ya fi kowace hujja ƙarfi. A yi aikin a gaban maƙwabcin da mai unguwa, a ɗauki hoto, safiyo ya rubuta rahoto ya shigar a fayil.

Inda ake yawan tafka kuskure shi ne ma'auni. Tsofaffin taswirori an yi su ne bisa ma'aunin Minna, wato tsohon tsarin alƙaluman matsayi na Najeriya, na'urorin GPS kuwa da ma'aunin duniya na WGS84 suke zuwa. In ba a juya alƙaluman ba, fili kan yi tsalle da gomman mitoci, ya faɗa gidan wani. Wayar hannu kuma, wadda dillalai ke yawan zaro wa mutum, kuskurenta kan kai mita uku zuwa biyar. Fulotinka kusan mita 15 ne da 30, wato murabba'in mita 450. In layin gefe ya gusa da mita ɗaya da rabi kacal, murabba'in mita 45 sun tafi, kashi ɗaya cikin goma ke nan.

Idan kuwa an faɗaɗa titin a tsarin da aka amince da shi, tsohuwar taswira ta daina aiki. Sai an yi sabon awo, an fitar da sabuwar taswira, an gyara girman filin a takardar mallaka. Sashe na 28 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ba gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, amma da sanarwa a hukumance. Bin sawun gireda ba ya mayar da wuri titi. Diyyar da sashe na 29 ya tanada ta fi karkata ga abin da aka gina ko aka shuka, don haka mai fili fayau kada ya sa rai da yawa.

Maƙwabcinka kuma, ka same shi ta hannun mai unguwa ya dakata kafin a zuba kankare. Cike rami ya fi rushe katanga sauƙi gare ku duka.

TAMBAYA: Ni kuma filina awon igiya ne a wajen Mariri, takardar dagaci kawai gare ni, kuma turakun sun ɓace. Daga wata mai karatu.

AMSA: Hajiya, a nan babu alƙaluman da za a koma musu. Abin dogaro shi ne takardar ciniki, wanda ya sayar, shaidu, da maƙwabtan kusurwa huɗu. Ki tara su tun suna raye kuma suna tune, a amince da iyaka a rubuce kowa ya sa hannu, sannan safiyo ya auna ya dasa siminti. Da wannan taswirar za ki nemi gwamnati ta yi wa filin rajista.