Fatawa: Yaɗa tarihin aikin depite giba ne ko nasiha?

TAMBAYA

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Garwa, ƙasar Kamaru. Depitenmu, wato ɗan majalisarmu, yana Majalisar Dokoki ta Yawunde tun zaɓen 2007, an mayar da shi a 2013 da 2020, yanzu kuma ana raɗe-raɗin zai sake nema. Samarin unguwarmu sun rubuta wata takarda suna yaɗawa a WhatsApp. Sun jera shekarun da ya yi, da rijiyar burtsatse da ajujuwan da ya yi mana alkawari ba mu gani ba, sun ce bai taɓa buɗe baki a majalisa ba. Sun kuma ce satar ƙuri'a ya yi a 2013, ya cinye kuɗin ayyuka ya gina gida a Yawunde, har ya ƙara aure. Limaminmu ya ce wannan giba ce, shugaba a asirce ake yi masa nasiha, kuma kada mu manta shi ya rufe mana masallaci da kwano. Ni na riga na tura wa mutane. Ina da zunubi? Sannan lokacin zaɓe yaransa kan kawo sukari da kuɗi, su sa mutum ya dafa Alƙur'ani. Mene ne hukuncin wannan rantsuwa?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuh. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ɗan'uwa, takardar nan ta gauraya halal da haram, kai kuma ka tura ta duka. Sai mun ware su tukuna.

Liman bai yi magana a iska ba. Allah ya hana giba a Suratul Hujurat, aya ta 12, ya kamanta ta da cin naman ɗan'uwa matacce. A hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya ce giba ita ce ka ambaci ɗan'uwanka da abin da yake ƙi. In abin yana tare da shi ka yi gibarsa, in ba ya tare da shi ka yi masa ƙage. Don haka mai cewa "ai gaskiya na faɗa" bai kuɓuta da wannan kaɗai ba. Kuma zama depite bai cire wa mutum alfarmar da Musulunci ya ba mutuncinsa ba.

Sai dai malamai sun keɓe wurare. Imam Nawawi ya kawo guda shida a Riyadus Salihin, daga ciki akwai kukan wanda aka zalunta da gargaɗar Musulmi daga cutarwa. A ƙarƙashin gargaɗin nan ya ambaci mai riƙe da wani muƙami da ba ya tsayawa da shi yadda ya dace, ko don bai cancanta ba, ko don sakaci, ya ce wajibi ne a faɗa wa wanda ke da ikon cire shi ya naɗa wanda ya dace. To a tsarin da Kamaru ke kai, wa ke da ikon cire depite? Gwamna ba shi da shi, lamiɗo ba shi da shi. Jam'iyyar da ke tsara jerin sunayen 'yan takara ce, sai ku masu katin zaɓe. Kenan idan an gaya wa mai zaɓe yadda wakilinsa ya yi aiki, an kai maganar ne wurin mai ita.

Dubi Faɗimatu bint Ƙais. Ta zo wa Annabi (SAW) tana shawara, Mu'awiya da Abu Jahm suna neman aurenta. Ya ce mata Mu'awiya talaka ne ba shi da dukiya, Abu Jahm kuwa ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, ya nuna mata Usama bin Zaid. Sahabbai biyu aka ambata da abin da ba za su so ba, ba sa wurin, saboda maslahar mace guda. Ina ga amanar jama'ar Benuwe, yankinku na Garwa, ta shekara biyar? Amma ka lura da yadda aka yi: kowanne aibi ɗaya aka faɗa masa, wanda ya shafi zaman aure, aka tsaya nan. Wannan shi ne ma'aunin da zan auna takardar samarinku da shi.

Maganar nasiha a asirce tana da asali, kuma malamai sun kawo ta game da mai mulki da ake tsoron fitina in an fito masa fili. Depite wakili ne. Shi ya zo ƙofarku da ƙafarsa ya ce ku aike shi, ya yi alkawari a bainar jama'a da lasifika. A fiƙihu, wanda ya wakilta yana da haƙƙin tambayar wakilinsa abin da ya yi da saƙon, yana da haƙƙin canja shi. Duk da haka na fi son dattawan unguwa su fara zuwa su same shi, su shimfiɗa masa alkawuran nan ya ba da amsa. In ya amsa, a haɗa amsar da takardar. In ya ƙi ganinsu, wannan ma labari ne da ya halatta a faɗa.

Shekarun da ya yi a majalisa ba sirri ba ne, faɗarsu babu komai. Sai dai a faɗa da adalci. Wa'adin depite shekara biyar ne, amma majalisar 2007 ta zarce har 2013, ta 2013 ta zarce har 9 ga Fabrairun 2020, ta 2020 ma da ya kamata ta sauka a 2025 an ƙara mata lokaci. Duk da doka aka yi waɗannan ƙarin, kuma sun hau kan depite 180 gaba ɗaya, ba shi kaɗai ba. Daɗewa a kujera kuma ba laifi ba ce a shari'a. Cavaye Yeguie Djibril, ɗan Mayo-Sava, ya hau shugabancin majalisar a 1992 ya haura shekara talatin a kai. Kowa na da damar auna wannan tsawon lokaci da abin da ya haifar, babu mai cewa ƙirga shekarun giba ne. Tambayar shari'a ita ce ta Suratul Ƙasas, aya ta 26: mai ƙarfi ne, amintacce ne?

Batun cin zaɓe sau uku ma a yi masa fahimta. A zaɓen depitoci jerin sunayen jam'iyya ake jefa wa ƙuri'a, kuma jerin da ya samu fiye da rabin ƙuri'un mazaɓa shi ke kwashe kujerunta duka. Mutum na iya shiga majalisa a bayan wani, ko a bayan guguwar jam'iyyarsa. Jam'iyyar UNDP ta Bello Buba Maigari ta samu kujera 68 a 1992, ta dawo 1 a 2002, ta samu 7 a 2020, lokacin da RDPC mai mulki ta kwashi 152. Mutanen kirki da yawa sun faɗi a irin wannan juyi, wasu marasa kirki sun haye. Saboda haka masoyansa ba su da hujjar cewa "da ba nagari ba ne da ba a mayar da shi ba", masu sukarsa ma ba su da hujjar cewa "tunda bai yi aiki ba kuma ya ci, to sata ya yi".

A nan ne takardar ta fara zamewa. "Ya saci ƙuri'a a 2013" tuhuma ce ta babban laifi a kan mutum takamaimai. Wa ya gani? A wace rumfa? Wakilan jam'iyyu a rumfar zaɓe ana ba su kofin takardar sakamako. Akwai wanda ya riƙe tasa ya ga ta saɓa da abin da aka sanar? Ƙarar zaɓen depitoci tana da wurin kai ta: a 2013 Kotun Ƙoli ce ke zama a madadin Majalisar Tsarin Mulki, wadda aka kafa a 2018, kuma a 2020 wannan Majalisar ce ta soke zaɓe a wasu mazaɓu na yankunan masu magana da Ingilishi aka sake shi a watan Maris. Ban ce ba a maguɗi a ƙasar nan ba, kowa na da kunne. Amma "ana maguɗi" daban, "wane ya yi maguɗi ran kaza" daban. Ta biyun in babu shaida ƙage ce. Allah ya ce a Hujurat, aya ta 6, a bincika labari kafin a cuci mutane cikin jahilci, Annabi (SAW) kuma ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Yatsan da ya danna "tura" yana cikin wannan hadisi.

"Bai taɓa buɗe baki ba" ita ma a gyara ta. Shaidar cewa abu bai taɓa faruwa ba tana da rauni a wurin malaman fiƙihu, domin sai wanda ya kewaye lokacin duka da saninsa. Majalisa na zama sau uku a shekara, Maris da Yuni da Nuwamba, kuma aiki mai yawa a cikin kwamitoci ake yin sa, inda kyamarar CRTV, gidan talabijin na gwamnati, ba ta shiga. Abin da samarin za su iya rantsuwa a kai shi ne: "Ba mu taɓa jin ya yi wa minista tambaya a kan ruwan sha ko hanyarmu ba, in ya yi, ya nuna mana." Wannan gaskiya ce, kuma ta fi waccan ciwo.

Rijiya da ajujuwa kuwa, asali ba aikin depite ba ne. Aikinsa yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da sa ido a kan gwamnati. Yawancin abin da talaka ke kuka a kai, kasuwa da magudanar ruwa da ginin firamare, na magajin gari ne da ma'aikatun gwamnati. Amma shi ya ɗora wa kansa da bakinsa, kuma saɓa alkawari na cikin alamomin munafunci uku da hadisi ya ambata, don haka ya halatta a bi shi bashin maganarsa. Ƙari a kan haka, an riƙa ba kowane depite kuɗin ƙananan ayyuka na mazaɓa, miliyan 8 na sefa a shekara, wato miliyan 40 a wa'adi guda. Kuɗin jama'a ne. Tambayar "ina aka sa su?" haƙƙinku ce, ku yi ta da babbar murya. Abin da ba haƙƙinku ba ne shi ne ku amsa wa kanku da "ya cinye ya gina gida". Mutumin yana da albashi, wataƙila yana da gona ko kasuwanci. Ƙarin aure kuwa me ya kawo shi cikin takardar? Halal ya yi, kuma an jawo matar da ba ta nemi ƙuri'ar kowa ba cikin bakin duniya. Wannan giba ce tsantsa.

Kwanon masallaci, Allah ya saka masa in don Allah ya yi. Adalci ya sa a rubuta shi cikin takardar tare da duk wani alherin da ya yi, domin Allah ya ce a Ma'ida, aya ta 8, kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa ku ƙi yin adalci. Takardar da ta tsince munanan kawai ta bar kyawawan, kamfe ce ta wani ɗan takara ko da ba a sa sunansa ba. Sai dai da girmamawa nake cewa ga liman: kwano ba ya sayen shirun mumbari. In daga kuɗin ƙananan ayyuka aka saye shi, dukiyar jama'a ce ta dawo musu. Annabi (SAW) ya aiki Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mumbari ya ce me ya hana shi zama a gidan uwarsa da ubansa ya ga ko za a kawo masa kyautar? Ma'aikaci aka bi wa lissafi a gaban jama'a, a masallaci. In kuma daga aljihunsa ne, ladansa na wurin Allah, ba a biyan sa da ƙuri'a.

Sukari da kuɗin da ake bayarwa da sharaɗin ƙuri'a rashawa ce, haram ga mai bayarwa da mai karɓa, domin ƙuri'a shaida ce cewa wane ya cancanta, shaida kuma ba a sayar da ita. A hadisin Bukhari da Muslim, cikin mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar ƙiyama akwai wanda ya yi mubaya'a don abin duniya kawai, in an ba shi ya cika, in an hana shi ya warware. Ka san yadda ake yi a nan: kowace jam'iyya da takardarta, ka sa guda a ambulan, sai yaran ɗan takara su tsaya a bayan makaranta suna jiran ka fito musu da ragowar a aljihu su tabbatar tasu ka jefa. Ka zubar da ragowar a kwandon da aka ajiye a rumfa, ka fito hannu wofi. Wanda ya riga ya dafa Alƙur'ani, rantsuwarsa ta ƙullu, amma ba ta tilasta masa zaɓen wanda ya san bai dace ba. Hadisin Muslim ya ce wanda ya yi rantsuwa sannan ya ga abin da ya fi alheri, ya aikata mafi alherin ya yi kaffara: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, in ba hali azumin kwana uku.

Kai kuma da ka tura, babu laifi a kanka a ɓangaren shekaru da alkawura. Ɓangaren sata da cin kuɗi da aure, ka yi istigfari, sannan ka koma wa mutanen da ka tura wa, su ɗin dai, ka rubuta musu cewa waɗannan maganganu ba ka da hujja a kansu, ka janye. Tuban ƙage ba ya cika sai an ƙaryata shi a inda aka yaɗa shi. Ka gaya wa samarin su sake rubuta takardar, kowane alkawari da wurin da aka yi shi da shekarar, su sa sunayensu a ƙasa, su kai wa depiten kofi kafin su saki. Wadda aka gyara haka, ka tura ta ga masu zaɓe na mazaɓarku, kana da lada in nufinka gyara ne.

Wallahu a'alam.