Kafin ka sayi bindigar gasa, je ka gani da idonka

TAMBAYA: Baba, barka da aiki. Ni ɗan unguwar Bagalam ta Maraɗi ne, amma shekara shida ke nan ina zaune a Greensboro ta ƙasar Amurka da takardar zama ta dindindin, yanzu hutu na zo gida. Abokan aikina sun kai ni kallon gasar harbi da ake yi da bindiga uku, doguwa da ƙarama da ta farauta, abin ya shiga raina. Ina so in fara, amma kowa da irin doguwar da yake ce mini in saya. Na ji ka taɓa yin wasan. Wacce ta dace da ɗan koyo?

AMSA: Ɗana, sannu da zuwa, Allah ya sa ka iske iyaye lafiya. Na taɓa yi kam, lokacin da nake tuƙin manyan motoci a can, kuma kuskuren da kake shirin yi na riga ka yin shi.

Bindigata ta farko mai harsashin .308 ce, don na ɗauka abin da ya fi ƙarfi shi ya fi kyau. Kakana maharbi ne, da bindigar toka ya yi farauta, kuma tun muna yara ake yabon bindiga da ƙarar ta. Ranar gasa na gane kurena. Ga nauyi, ga dukan kafaɗa duk harbi, ga tsadar harsashi. Kafin in maido bakinta kan saiti, wani dattijo mai ƴar bindiga marar ado ya kayar da farantan ƙarfe uku da ake harbi. Wannan wasa agogo ne ke hukunci: kana gudu, kana durƙusawa, kana harbin kwali da ke taki biyar gabanka, sannan nan take a ce ka sami farantin ƙarfe a mita 300. Shi ya sa kusan kowa a filin doguwar bindigar da ake kira AR-15 yake riƙe da ita, mai harsashin .223 Remington ko 5.56. Eugene Stoner da abokan aikinsa suka ƙera ta a kamfanin ArmaLite, kamfanin Colt ya sayi haƙƙinta a 1959, yau kuwa kamfanoni da yawa na yin ta. Amfanin haka gare ka shi ne in wani abu ya lalace ana tsakar gasa, na kusa da kai yana da irinsa cikin jaka.

Ka duba rubutun da ke jikin bututun. In an sa 5.56 ko .223 Wylde, tana cin harsasan biyu. In .223 Remington kaɗai aka rubuta, kada ka zuba mata 5.56, don matsinsa ya fi. Tsawon bututu kuwa inci 16 zuwa 18 ne, wato wajen santimita 41 zuwa 46. Ni mai 16 nake ba ɗan koyo shawara: ta fi sauƙin juyawa a lungu, ba ta gajiyar da hannu. Kada ka yi ƙasa da haka, dokar tarayyar Amurka tun 1934 ta sa gajeren bututu cikin wani rukuni mai rajista ta dabam.

Inda nake so ka buɗe aljihu shi ne madubin saiti. Samu irin wanda ke kusanto da abu daga ninki 1 zuwa 6: a 1 kana harbin na kusa ido biyu buɗe, ka murɗa zuwa 6 don na nesa. Madubin banza yakan goce bayan ƴan harbe-harbe, kai kuma ka yi ta zargin hannunka. Gara bindiga mai matsakaicin kuɗi da madubi nagari a kan mai tsada da madubin araha. Kunama mai laushi da abin rage tsalle da ake ɗaurawa a baki duk suna taimakawa, amma su jira sai ka yi gasa huɗu ko biyar ka san abin da ke damunka. Ba girin-girin ba, ta yi mai: bindigar da ba ta cijewa ita ce ta gasa.

Amma fa duk wannan bayan ka je ka gani ne. Kowace gasa tana da rukuni: masu madubi ɗaya, masu saitin ƙarfe zalla, masu babban harsashi, da rukunin da aka sake wa mara. In ka sayi kaya ba ka karanta ƙa'idar kulob ɗin ba, kana iya tsintar kanka cikin gwanaye saboda wani ɗan ƙarfe da ka ƙara. Ka je da abin toshe kunne da tabarau, ka taya su liƙe ramukan kwali da tada faranti, ka ce kai sabo ne. Ni dai ban taɓa zuwa filin da aka rasa mai ba baƙo aron bindiga ba. Ka tambaye su harsashin da suka yarda da shi, don da yawa sun hana mai ƙarfe a ciki, yana ɓata faranti. Ka duba dokar jiha kuma: gidan harsashi mai cin 30 shi aka saba, amma a Kalifoniya da Niyok 10 ne iyaka.

A gasata ta biyu aka sallame ni tun kafin azahar. Ina juyawa da gudu bakin bindigata ya wuce layin da suke kira digiri 180, ya ɗan karkata wajen mutane. Alƙali ya daka tsawa, na tsaya, ya ce na gama na yau. Na ji kunya ƙwarai, amma gaskiyarsa ce, kuma ban sake ba. Yatsa waje da kunama duk lokacin da kake tafiya, baki kullum wajen tudun da ke tare harsashi. Wannan za ka iya koya a ɗaki da bindigar da ka tabbatar babu komai cikinta, ko sisi ba ka kashe ba.

Saura magana ɗaya, kuma ina roƙonka ka riƙe ta. Abin da ka saya a can, a can zai zauna, cikin akwatin ƙarfe mai makulli. Kada ko kwanson harsashi ya biyo ka cikin jaka zuwa Yamai. A Nijar riƙe bindiga sai da izinin hukuma, irin wannan kuwa makamin yaƙi za a ɗauke ta. Ka san halin da ƴan uwanmu na Madarunfa da Gidan Rumji suke ciki da ƴan bindiga, don haka ko hotonka riƙe da ita kada ka riƙa turawa ƙannenka a WhatsApp. In ka koma ka yi gasar farko, rubuto mini in ji yadda ta kaya. Ka gaida mutanen Bagalam.