Na haddace duk fomulolin fiziks amma na faɗi gwajin farko: laifin farfesa ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a shekarar farko ta jami'a, kuma cikin darussan da aka wajabta mana akwai fiziks na matakin farko. A sakandare ban taɓa shan wahalarsa ba, amma a gwajin farko na wannan zango maki 9 na ci cikin 30, alhali babu fomular da ban haddace ba. Farfesan da ke koyar da mu ba ya yawan warware lissafi a allo. Sai ya jefo tambayar da babu ko lamba ɗaya a cikinta, ya ce kowa ya tattauna da na kusa da shi. 'Yan ajin gaba sun ce mugu ne, da gangan yake kayar da mutane, har sun nuna mini wani mai darasin kuɗi da ke warware tambayoyin shekarun baya. Hankalina a tashe yake, ko barcin kirki ba na samu. In bar laccar farfesan in koma wancan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka kwantar da hankalinka, kuma kada ka bar laccar nan. Maki 9 a gwajin farko abu ne mai gyaruwa, kuma tun da ka kawo kuka yanzu zango bai yi nisa ba, akwai sauran lokaci. Abin da ya fi tsorata ni a wasiƙarka shi ne inda ka ce babu fomular da ba ka haddace ba, domin a nan ciwon yake, kuma da wuya mako ya wuce ban ji wannan magana daga bakin wani ɗalibi ba.

Bari in gwada ka da irin tambayar farfesanka. Ka cilla kwabo sama, ya bar hannunka, yana kan hawa. Idan aka ajiye batun iska gefe, waɗanne ƙarfafa ne suke aiki a kansa? Ɗalibai da yawa, har da waɗanda za su karanto maka dokokin motsi uku na masanin kimiyya Niyuton ba tare da sun yi tuntuɓe ba, cewa suke yi biyu ne: jan ƙasa da ke janyo shi ƙasa, da kuma ƙarfin hannu da ke tura shi sama, wanda yake raguwa a hankali. Amsar kuwa ƙarfi ɗaya ne tak, jan ƙasa, domin tun daga lokacin da kwabon ya rabu da yatsunka hannunka ba shi da sauran tasiri a kansa. Sannan idan ya kai ƙololuwa ya tsaya na ɗan ƙiftawar ido, nawa ne sauyin gudunsa, wato yawan abin da gudunsa ke ƙaruwa ko raguwa da shi a kowace daƙiƙa? Na sha ganin hannu ya rubuta sifili da cikakken tabbaci, bayan a shafin baya wannan hannun ya yi amfani da 9.8, wato adadin sauyin gudun da jan ƙasa ke haifarwa, ya samu amsa daidai. Da a ce gudun sifili ne kuma sauyin gudun ma sifili ne, da kwabon ya rataye a sararin sama ke nan, ba zai sake saukowa ba.

Wannan kuskure ba alamar daƙiƙanci ba ne. Tunanin cewa duk abin da ke tafiya dole akwai abin da ke tura shi tsohon tunani ne, wanda masana suka riƙe ɗaruruwan shekaru kafin masanin kimiyya Galiliyo ya girgiza shi, sannan Niyuton ya kafa dokokinsa a shekarar 1687. Kowannenmu da shi ya tashi, saboda tun muna yara muke ganin cewa idan aka daina tura abu sai ya tsaya. Matsalar ita ce hadda ba ta taɓa wannan tunani ko kaɗan. Fomula tana zaune a gefe guda na ƙwaƙwalwa, tsohon tunani yana zaune a ɗaya gefen, kuma muddin tambaya ta zo da lambobi, ɗalibi zai nemo fomular da haruffanta suka dace ya cusa su, ya ci maki, ba tare da ɓangarorin biyu sun taɓa haɗuwa ba. Ranar da aka cire lambobin, tsohon tunanin ne yake fitowa ya ba da amsa. Ina kyautata zaton abin da ya faru da kai a gwajin nan ke nan.

Kada ka ɗauka wannan ra'ayina ne ni kaɗai. A shekarar 1985 Ibrahim Halloun da David Hestenes, a Amurka, suka wallafa binciken da ya nuna cewa ɗalibai suna gama darasin fiziks na farko da kusan irin tunanin da suka shigo da shi. Eric Mazur, farfesa a Jami'ar Harvard wanda ɗalibansa suke yaba laccarsa matuƙa, ya gwada irin waɗannan tambayoyi a ajinsa a wajajen 1990, yana zaton nasa ɗaliban sun wuce wannan. Ya sha ba da labarin yadda ana cikin gwajin aka tambaye shi ko a amsa bisa abin da ya koyar ne, ko bisa yadda mutum ya saba tunani. Daga nan ya sauya salon koyarwarsa zuwa irin wanda ka siffanta: a jefo tambaya, kowa ya zaɓi amsa, sannan ya yi ƙoƙarin gamsar da na kusa da shi. A 1998 Richard Hake ya tattara sakamakon ɗalibai fiye da 6,000 a azuzuwa 62, ya samu cewa a azuzuwan lacca zalla ɗalibai sun cike kimanin kashi 23 cikin ɗari na giɓin fahimtar da suka shigo da shi, a azuzuwan da ake sa su tunani da muhawara kuwa kimanin kashi 48. Akwai kuma binciken 2019, shi ma a Harvard, wanda ya shafe ka kai tsaye: ɗaliban da aka yi wa lacca mai santsi sun ji a ransu cewa sun fi koyo, amma da aka gwada su, waɗanda aka bari suka yi fama da tambayoyin da kansu ne suka fi cin maki.

Saboda haka raina yake ɓaci da masu darasin kuɗin nan da ke tsayawa a bakin zauren lacca suna farautar 'yan shekarar farko. Ban ce duk mai koyarwa a waje macuci ba ne, akwai masu amana a cikinsu. Amma wanda jarinsa kawai tarin tambayoyin shekarun baya ne da alƙawarin cewa ya san abin da zai fito, daɗin ji yake sayar maka. Zai warware lissafi ashirin a gabanka cikin sa'a ɗaya, kana gyaɗa kai, komai yana shiga kamar ruwa, ka fito kana ganin ka gane, alhali kallo ka yi, shi ne ya yi tunanin. Ka tambaye shi wace mota ce ta fi bugun 'yar'uwarta da ƙarfi idan babbar mota ta yi karo da ƙarama. Idan ya ce babbar, ka tashi ka bar wurin, domin dokar Niyuton ta uku ta ce ƙarfin daidai yake a ɓangarorin biyu, ƙaramar ta fi lalacewa ne saboda nauyinta kaɗan ne, sauyin gudunta ya fi girma. Haɗarin kuma bai tsaya a gwajin nan ba. Darussan da ke gabanka, na wutar lantarki da maganaɗisu da na injiniya, a kan waɗannan dokoki aka gina su, kuma wanda ya tsallake da hadda yakan gane ramin da ya bari ne a shekara ta biyu ko ta uku, lokacin da komawa baya ya yi tsada.

Batun cewa farfesa da gangan yake kayar da mutane kuwa, kusan kowane malamin da ke tsananta tambaya an yi masa wannan ji-ta-ji-ta, kuma galibi waɗanda suka faɗi bara ne suke yaɗa ta. Ban san farfesanka ba, ba zan wanke shi a makance ba. Idan yana barinku da muhawara ya fita bai bayyana amsa da dalilinta ba, ya gaza, kuma idan ba a nuna maka takardar gwajinka ba, kana da haƙƙin ka nema cikin ladabi. Akwai ma laifin da ba nasa ba ne: hukumomin jami'a da ke cusa ɗaruruwan ɗalibai a zaure ɗaya, su soke lokacin warware tambayoyi a ƙananan rukunoni, sannan su yi mamakin sakamako.

Ga abin da nake so ka yi daga wannan mako. Ka karɓi takardarka, ka duba kowace tambayar da ka faɗi, ka rubuta da kalmomi abin da kake tunani lokacin da ka zaɓi amsar. Kafin ka taɓa kowace fomula, ka zana abin da ake magana a kai, ka sa kibiya ga kowane ƙarfi, kuma ga kowace kibiya ka faɗi wane abu ne yake turawa ko yake ja. Kibiyar da ka kasa samo mata mai ita, ka goge ta. Ka nemi abokai biyu ko uku da za ku riƙa jayayya a kan amsa kafin ku duba ta. Sannan ka je ofishin farfesan a lokacin da ya ware wa ɗalibai, da takardarka a hannu da tambaya guda da ta fi ɗaure maka kai, ka ce masa: "Ranka ya daɗe, ga yadda na yi tunani, a ina na kauce?"