Fitilar cek tana ƙiftawa, jif ɗina yana kakkarwa: zan iya canja koyil a gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da Toyota Highlander ƙirar 2005, mai silinda shida. Yau kwana huɗu injin yana kakkarwa idan na tsaya, a tudu kuma sai motar ta riƙa fizga, fitilar cek tana ƙiftawa. An sa na'ura ta nuna P0302. Wani bakanike ya ce sai an canja koyil shida gaba ɗaya, wani kuma ya ce misin ne kawai, in na hau babban titi za ta washe. Ranar Asabar zan kai mahaifiyata asibiti Kaduna, kuɗina kuma ba su kai na koyil shida ba. Ina taɓa ƙananan gyare-gyare da kaina. Zan iya canjawa a gida? Daga mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Kwantar da hankalinka Malam, za ka iya, kuma ka yi sa'a. Injin motarka 3MZ-FE ne mai lita 3.3, a kwance yake, silinda uku a gaba, uku a baya. P0302 na nufin silinda ta 2 ce ba ta ƙona mai, abin da ake kira misin ke nan, ita kuwa a layin gaba take, wajen lagireto. Idan ka tsaya kana fuskantar motar, daga hagunka 2 ce, sai 4, sai 6.

Amma kada ka sayi komai tukuna. Lambar ta nuna silindar da ke misin ne kawai, ba ta ce koyil, wato abin da ke ba fulogi wuta, ne ya mutu ba. Bari injin ya huce, ka kashe, ka zare makulli, ka cire murfin roba na sama. Danna harshen soket ɗin wayar koyil na 2 ka zare shi a hankali, domin robar da ta shekara ashirin tana shan zafi ba ta da wuyar karyewa. Kwance noti ɗaya mai lamba 10, ka ɗan murɗa koyil ɗin ka zaro. Musanya na 2 da na 4, a goge lambar, ka ɗan zaga unguwa, a sake sa na'ura. In ta koma P0304, ciwon ya bi koyil, shi kaɗai za ka saya. In ta tsaya a P0302, koyil ba shi da laifi, sai a duba fulogi, nozul mai fesa fetur, ko matsin silinda. Ka haska ramin fulogin da tocila. In ka ga baƙin mai kwance a ciki, gaskit ɗin murfin alminiyam na kan injin ne ke yoyo, kuma zai cinye sabon koyil ɗin ma. In ruwa ne, to wankin inji da ruwa mai ƙarfi ne ya jawo. Fulogin da ya cinye shi ma yana kashe koyil, saboda tilas ya ƙara ƙarfin wuta kafin tartsatsi ya tsallaka, don haka ka duba shi tun da ka riga ka buɗe.

Wanda ya ce a canja shida bai yi gwaji ba, aljihunka kawai zai taɓa. Na biyun, mai cewa za ta washe, shi ne ya tayar mini da hankali, domin kusan kullum sai an kawo mini motar da wannan magana ta kashe.

Fitilar da ta kama ta tsaya daban, wadda take ƙiftawa daban. Tun 1996 da aka wajabta tsarin OBD-II, na gano matsalar mota da na'ura, a motocin da ake sayarwa a Amurka, inda mafi yawan irin motarka suka fito, ƙiftawa ma'anarta ɗaya ce: misin ɗin ya kai matsayin da zai lalata katalis, wato abin da ke tace hayaƙi a hanyar salansa. Fetur ɗin da silinda ta 2 ta kasa ƙonawa ba ɓacewa yake ba. Ɗanyensa yake gangarawa salansa, ya tarar da katalis mai zafi, ya kama a can. Zafin kan wuce digiri 1,000, abin nan mai kama da saƙar zuma da ke ciki ya narke ya toshe hanyar hayaƙi. Daga nan sai ka take totur motar ta ƙi tafiya. Ɗanyen man nan kuma yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya zube ƙasa ya tsinka sauran, zoben fistin ya riƙa gogar ƙarfe a bushe. Na taɓa ganin salansa ta yi jawur da dare kamar an ciro ta daga maƙera. Ka ajiye irin wannan mota kan busasshiyar ciyawa lokacin hunturu, mene ne zai hana gobara? Babban titi ba ya warkar da koyil. Gudu da lodi ƙara wa ciwon ƙarfi suke, shi ya sa ma kake jin fizgar a tudu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da ke biyo baya. Mutumin da ya ce ka ci gaba da hawa, shi za ka koma wa in mota ta shaƙe, ya ce ai katalis ne, ba ya yi da man Najeriya, bari a huda a zubar. Ba zubarwa ake ba. Akwai filatinam, faladiyam da rodiyam a cikinsa, masu saye suna nan suna jira. Ka biya kuɗin aiki, ya sayar da kayanka, ka tafi da mota mai warin hayaƙi, ga lambar P0430, mai nuna katalis ba ya aiki, ta kunna fitila har abada. Sai wani ya cire kan batir don fitilar ta mutu, ko ya manna mata baƙin salatif, ya ce an gyara. Ran da wata babbar matsala ta taso, wa zai sanar da kai? Wallahi ina jin kunyar wannan a madadin sana'armu. Yara suna kallo a gareji, suna ɗauka haka ake aikin, gobe su buɗe nasu su ci gaba. Amanar dukiyar mutum aka ba ka, da ran iyalinsa a kan titi.

Haka nan kada ka bari kowa ya zare koyil injin yana aiki wai don a ga wuta. Ƙarfin wutar yana kai dubban volt, tana iya bugun mutum, tana iya ƙona koyil mai lafiya ko ta taɓa kwamfutar motar, ga tururin fetur a kusa.

Wajen saye, ka tafi da tsohon a hannu, lambar da ke jikinsa ita za ka nema. Denso ne na asali. Ni dai na fi yarda da Beljiyam na asali da aka gwada a motarka ka gani, a kan sabo mai arhar banza cikin kwali mai sheƙi, domin jabu ya yi yawa. A kasuwar Fanteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano za ka samu, amma ka yi sharaɗin mayarwa in bai yi ba. Wajen ɗaurawa, tura shi har ya zauna kan fulogi, ka fara notin da hannu, kada ka matse da ƙarfi domin murfin da notin ke shiga na alminiyam ne, ka tura soket har ka ji ƙas. Aikin bai fi minti ashirin ba.

Na baya, wato 1, 3 da 5, suna ƙarƙashin manifol na iska, sai an ɗaga shi kafin a kai gare su. In wata rana lambar ta nuna ɗayansu, kai wa wanda ya saba, a sa sabon gaskit, a canja fulogi ukun a buɗewa ɗaya.

Batun Asabar kuwa, ka yi gwajin nan gobe da safe. In an canja, kakkarwa ta tsaya, fitila ba ta dawo ba bayan ka yi kamar kilomita ashirin har da tudu, ka ɗauki Hajiya ku tafi. In har tana ƙiftawa, ka bar motar a gida, ka nemi aro ko ka ɗauki shata.