Ƙwayoyin astrosait da ba sa daina rabuwa

Ka tambaya me ya sa ake cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwar nan na astrosait da ake reno a ɗakin gwaje-gwaje "ba sa mutuwa". Suna mutuwa mana, ka bar su kwana biyu ba ruwan abinci ka gani! Abin da ba sa yi shi ne tsufa. Astrosait na asali kuwa, masu siffar tauraro da ke ciyar da jijiyoyin ƙwaƙwalwa suna kwashe rarar gulutamet (sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi), in an ciro su daga jikin mutum, bayan 'yan rabe-rabe sai su tsaya cak. Shi ya sa ake cusa musu ƙwayar halittar gado (gene) ta wani birus mai suna SV40 ko ta telomerase (sinadarin da ke hana ƙarshen kuromosom gajarcewa), su yi ta hayayyafa a faranti. SVG p12, wata zuriyar irin waɗannan ƙwayoyi, tun 1985 haka aka samar da ita da SV40.

Amma fa kada ka sakankance. Halinsu yakan sauya, kuma a 2014 an gano wani birus daban mai suna BK a cikin SVG p12 ɗin. Ni dai duk sakamakon da na samu, sai na maimaita da sababbin ƙwayoyi na asali.