Amsa ga wanda aka ba kimiyyar sinadarai maimakon likitanci

Ƙanena, ka ce likitanci ka nema aka ba ka kimiyyar sinadarai, kana tambaya ko ka haƙura ka sake JAMB. Ni dai shawarata ka karɓa. Da yawa a ajinmu haka muka shigo, zuciya na wani wajen, kafin aji biyu kuma mun kama karatun hannu bibbiyu.

Sai dai ka ɗaura ɗamara. Ranar firaktikal awa uku za ka yi a tsaye cikin farar riga, idonka na kan buret, wato dogon bututun gilashi mai awo, kana sakin ruwan soda ɗigo-ɗigo har na cikin kwalba ya koma ruwan hoda mai haske. Ɗigo ɗaya ya zarce, sai ka wanke ka sake daga farko. Da daddare ga rubuta rahoto. Kada kuma ka yi wasa da lissafi, nan ne yake kayar da mutane.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne SIWES, wato lokacin da ake tura ɗalibai ma'aikatu su koyi aiki a aikace. Kada ka yarda da wurin da za a sa maka hannu kawai kana gida. Nemi NARICT, cibiyar binciken fasahar sinadarai da ke Basawa a Zariya, ko matatar ruwa ta Tamburawa a Kano, ko majemun Challawa, inda za ka taɓa na'ura da hannunka. Ni wani tsohon ɗalibin sashenmu ne ya samo mini gurbi, a taron ƙungiyar ɗalibai muka haɗu, kuma har yau idan an buɗe ɗaukar ma'aikata a NAFDAC ko kamfanin siminti, a zaurenmu na WhatsApp nake fara ji.

Allah Ya ba da sa'a.