Amarya a Gaban Wutar Matattu

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka ga amarya da ango cikin kwalliya sun tsaya gaban wutar nan da ba a kashewa, ta tunawa da matattun yaƙi, suna ajiye furanni, tun ba a je wurin walima ba. Kana tambaya ko tsafi ne, kuma ko ka raka abokinka ranar nasa bikin. Na yi murmushi, sannan hankalina ya ɗan tashi. Shekara biyu kana garin mutane ba ka san abin da ke ƙarƙashin ƙafarka ba?

Na sauka garin nan da kake, San Fitasbag na ƙasar Rasha, a 1975, lokacin sunansa Leningirad. Akwai wata tsohuwa mai tsaron ƙofar gidan kwananmu. Wata rana na jefa busasshen burodi a kwandon shara. Ko uffan ba ta ce ba. Ta sunkuya ta ciro shi, ta hure, ta goge da gefen rigarta, hannunta na karkarwa. Ran Lahadi ta ja ni har maƙabartar Fiskariyof. Dogayen tuddai ne a jere, kowanne da dutse mai ɗauke da shekara, babu sunan kowa. Mutum kusan rabin miliyan ke kwance a wurin. Ta tsaya gaban wani mai 1942, ta gutsuri burodi ta ajiye a kan dutsen. Uwarta da ƙannenta biyu, in ji ta, tana kyautata zaton suna nan ciki.

A nan ta warware mini. Hitila na Jamus da Sitalin na Tarayyar Sobiyat sun ƙulla yarjejeniyar ba za su taɓa juna ba a 1939, har suka raba Folan a asirce, abin da Mosko ba ta amsa ba sai 1989. Ran 22 ga Yuni 1941 Jamus ta ci amana, ta auka wa Tarayyar Sobiyat, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Kafin Satumba ta ƙare an yi wa garin ƙawanya, Jamusawa ta kudu, sojojin Finlan ta arewa. Rabon yaro a rana ya koma giram 125 na burodi, shi ma rabinsa gauraye. Sai da tafkin Ladoga ya daskare motoci suka riƙa shigo da fulawa ta kan ƙanƙara. Ko da aka karya lagon Jamus a Sitalingirad a Fabrairun 1943, ƙawanyar ba ta yaye gaba ɗaya ba sai 27 ga Janairun 1944. Tarayyar Sobiyat ta rasa rayuka wajen miliyan 27. Wace amarya ce ba ta da nata a cikinsu?

Tsohuwar nan ta tuna mini da kakarmu, wadda ta ga yunwar Kakalaba tana yarinya. In muka zubar da tuwo sai ta ce, "Jiki magayi, 'ya'yan nan. Wanda bai kwana da ita ba shi ke taka hatsi." Ga shi yau a gidajen bikinmu ana kwashe shinkafa da cebur, kuma yaro ba zai iya nuna maka kabarin kakansa ba. Wannan yana ci mini rai.

Maganar halacci kuwa, ka kai wa malamin masallacinku, shi ne gwaninta. Amma kafin ka je masa, ka fara zuwa Fiskariyof. Ka sa rigar sanyi mai kauri, ka bar wayarka a aljihu. Innarka tana gaishe ka.